Ƙwayar da Duncan Kane ya zubar: inda fim ya yi gaskiya da inda ya kauce kan maganin ciwon damuwa

Ranar 12 ga Oktoba, 2004, tashar talabijin ta UPN a Amurka ta nuna kashi na uku na wani sabon fim mai dogon zango mai suna Veronica Mars. Bayan kwana uku, ranar 15 ga watan, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, wato FDA, ta umarci kamfanonin da ke yin maganin ciwon damuwa su buga gargaɗi mafi tsanani da doka ta ba ta dama, wanda ake zagayewa da baƙin layi a takardar da ke cikin kwalin magani, cewa waɗannan magunguna na iya ƙara wa yara da matasa tunanin kashe kansu. Babu wanda ya tsara wannan haɗuwa, domin an rubuta fim ɗin an ɗauke shi tun kafin hukumar ta yanke shawara. Amma dukansu biyun 'ya'yan shekara guda ne, shekarar da iyaye a Amurka da Birtaniya suka fara tambaya da babbar murya ko mene ne likitoci ke ba 'ya'yansu suna haɗiya kowace safiya.

Rob Thomas ne ya ƙirƙiro fim ɗin, ya kafa shi a wani garin ƙage mai suna Neptune a jihar Kalifoniya, inda 'ya'yan attajirai da 'ya'yan masu yi musu aiki ke karatu a sakandare ɗaya. Kristen Bell ce ta fito a matsayin Veronica, 'yar tsohon shugaban 'yan sandan yankin, wadda aka kashe aminiyarta Lilly Kane kusan shekara guda kafin labarin ya soma. Ɗan'uwan marigayiyar, Duncan, tsohon saurayin Veronica ne, kuma tun bayan rasuwar yake yawo kamar ba shi a jikinsa. A wancan kashi na uku aka nuna dalili: mahaifiyarsa tana miƙa masa maganin ciwon damuwa. Sai ya faki ido ya sake ƙwayar a magudanar ruwa. Ba a jima ba ya zama wani mutum daban, mai raha da rawar kai, har ya diro daga saman wurin zaman 'yan kallo na filin makaranta ya fasa kai, Veronica ta kai shi asibiti. Likita ya gargaɗe shi cewa yanke maganin farat ɗaya na jawo tashin zuciya da gane-gane. Daga baya Lilly ta bayyana gare shi da jini a kanta, tana nuna masa cewa labarin da aka bayar kan mutuwarta bai haɗu ba, tana neman ya farka. Da gari ya waye sai ya koma shan maganin, fuskarsa ta sake rufewa.

Wanda ya san magungunan nan zai yarda cewa marubutan ba su yi ƙarya a kan alamomin ba. Akwai masu shan su da ke jin zuciyarsu ta yi sanyi fiye da kima, kuma yanke su lokaci guda na jawo wahala. Inda fim ɗin ya kauce shi ne a ma'anar da ya ɗora wa alamomin. Ya mai da ƙwayar murfin da aka kifa a kan gaskiya, ya mai da wahalar barin ta farkawa daga barci. Wannan irin kuskure ya fi ƙarya tsagwaronta haɗari, saboda duk wanda ya taɓa shan maganin zai ga wani abu da ya sani a ciki, sai ya haɗiye sauran ba tare da ya tauna ba.

Ba a ƙirƙiro magungunan nan don a kwantar da kowa ba, hasali ma tsintar su aka yi. A farkon shekarun 1950, likitoci a wani asibitin masu tarin fuka a birnin Niyok suka lura cewa majinyatan da ake ba wani sabon magani, ifironiyazid, sun soma walwala da cin abinci fiye da yadda yanayin huhunsu ya kamata ya bari. A Suwizalan kuma, likitan ƙwaƙwalwa Roland Kuhn ya gwada imifiramin, ya ba da rahoto a 1957 cewa yana ɗaga masu tsananin damuwa. Sai bayan an ga suna aiki aka shiga neman dalili, aka gano cewa dukansu suna taɓa sinadaran da ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su. Ƙwayoyin nan ba a manne suke ba, akwai ɗan ƙaramin gibi a tsakaninsu. Ta farko takan saki sinadari, kamar sirotonin ko noradirinalin, ya tsallaka gibin ya taɓa ta biyu, sannan ta farkon ta zuƙe abinta ta adana. Rukunin da likitoci ke kira SSRI, wanda ya mamaye duniya bayan FDA ta amince da fuloksetin, wato Prozac na kamfanin Eli Lilly, a ƙarshen 1987, aikinsa shi ne toshe wannan hanyar zuƙewa, domin sirotonin ya daɗe a gibin. Mafi yawan sirotonin ɗin jikin mutum a hanji yake, shi ya sa tashin zuciya ke cikin abubuwan farko da sabon mai shan maganin ke kuka da su.

Daga nan aka samo bayanin da tallan kamfanoni ya yayata a shekarun 1990, cewa ciwon damuwa ƙarancin sirotonin ne, magani kuma yana cike gurbin. Bayanin yana da sauƙin faɗa a ɗakin ganin likita, amma bai tsaya da ƙafafunsa ba. A 2022 Joanna Moncrieff da abokan aikinta a Landan suka tattara binciken shekaru masu yawa, suka ce babu ƙwaƙƙwarar hujja da ta nuna ƙarancin sirotonin ne ke haddasa ciwon. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa magungunan ba sa aiki, alhali tambayoyi ne biyu daban. Wanda Panadol ya sauke wa zazzaɓi ba ƙarancin Panadol ne ya kwantar da shi ba. Tambayar ko suna aiki, gwaji ne ke amsa ta, kuma a 2018 mujallar Lancet ta buga nazarin da Andrea Cipriani na Jami'ar Oksfod ya jagoranta, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 522 da mutane fiye da 116,000. Dukan magunguna 21 da aka duba sun fi ƙwayar wofi, wato wadda babu magani a cikinta, amfani ga manya, sai dai ratar matsakaiciya ce, ba irin ta al'ajabi da talla ya yi alkawari ba.

Babban abin da ke rushe hoton murfi shi ne lokaci. Maganin na toshe hanyar zuƙe sirotonin cikin sa'o'i kaɗan da shan ƙwayar farko, amma majinyaci ba ya jin sauƙi na a zo a gani sai bayan mako biyu zuwa shida. Da a ce aikinsa rufe tunani ne, irin na maganin barci, da tun daren farko za a gani. Wannan jinkiri ne ya sa masana suka karkata ga cewa ƙwaƙwalwa ce ke sake tsara kanta sannu a hankali, mahaɗan jijiyoyi suna sauya yawansu da ƙarfinsu. Catherine Harmer ta Oksfod ta kawo wani bayani mai jan hankali: gwaje-gwajenta sun nuna cewa tun kwanakin farko maganin na sauya yadda mutum ke fassara abin da yake gani, misali ya rage saurin karanta ƙiyayya a fuskar da ba ta nufin komai. Mai ciwon damuwa yakan tsinci mummunan abu a ko'ina, ya manta da mai daɗi. Idan wannan karkatar ta ɗan miƙe, sai ya yi makonni yana hulɗa da mutane kafin sauyin ya taru ya zama sauƙin da zai iya faɗa da bakinsa. Ma'ana, shi kansa ciwon yana da nasa mayafin da yake rufe idon mai shi. Wannan ɓangare ne fim ɗin bai taɓa nunawa ba. Ba mu ga Duncan na makonnin da suka sa aka kai shi gaban likita ba, sai Duncan na kan magani da Duncan da ya bar shi, don haka duk wani nauyi da ke fuskarsa sai mai kallo ya ɗora wa ƙwayar.

Duk da haka, a ba marubutan haƙƙinsu. Dusashewar ji da suka nuna tana faruwa, kuma likitoci sun daɗe suna raina ta. A wani bincike da Guy Goodwin ya jagoranta, aka buga a 2017, kashi 46 cikin 100 na mutane 669 da ke shan irin waɗannan magunguna sun ce suna jin ta: baƙin ciki ya ragu, amma farin ciki ma ya ragu, labarin rasuwa ba ya sa su kuka, haihuwa ba ta sa su tsalle. A 2023 masu bincike daga Kambirij da Kofanhegan suka ba mutane masu lafiya esitalofiram na mako uku, suka ga ya rage yadda lada ko asara ke tasiri a kan zaɓinsu. Ke nan ba za a ce dukan abin daga ciwon yake ba, akwai hannun maganin. Amma dusashewar ji daban, gushewar tunani daban. Mai wannan matsala yana sane da abin da ya faru, yana iya lissafi, yana iya gane ƙarya idan an yi masa. Kuma a asibiti maganinta sananne ne: a rage yawan abin da ake sha, ko a sauya wani, ko a duba ko ragowar ciwon ne bai gama tafiya ba. Babu likitan kirki da zai ce zaɓi biyu ne kawai, ko dai ka zama gunki ko ka zubar da ƙwayar a ɓoye, alhali waɗannan biyun kaɗai fim ɗin ya ajiye a gaban Duncan.

Haka abin yake game da barin maganin. Bayan watanni ana sha, jijiyoyi sun saba da sabon yanayi, idan aka janye shi farat ɗaya sai su rikice kafin su daidaita. Mutane kan ji jiri, tashin zuciya, rashin barci, mafarkai masu ƙarfi kamar a farke, saurin fushi, da wani abu mai kama da fizgar lantarki a cikin kai. Gane-gane a farke irin na Duncan ba a rasa shi a rubuce-rubucen likitoci ba, amma ba kasafai ba ne. Wani nazari da aka buga a Lancet Psychiatry a 2024, wanda ya haɗa bincike 79 da mutane kusan 21,000, ya ga kashi 31 cikin 100 na waɗanda suka bar maganin sun ji wasu alamomi, amma kashi 17 na waɗanda suka bar ƙwayar wofi ma sun ji, sannan kusan mutum ɗaya cikin 35 ne abin ya tsananta masa. Wasu masana na ganin alƙaluman sun yi ƙasa ga waɗanda suka shekara da shekaru suna sha, kuma a 2019 hukumar NICE ta Ingila ta gyara jagorarta ta amince cewa wahalar na iya tsananta ta kuma daɗe ga wasu. Saurin zuwanta ya danganta da irin maganin. Benlafaksin da faroksetin na fita daga jini da wuri, don haka kwana ɗaya ko biyu ya isa a ji a jiki. Fuloksetin kuwa yakan yi makonni yana raguwa da kansa. Abin lura a nan: a 2004 fuloksetin ne kaɗai FDA ta amince a ba 'yan ƙasa da shekara 18 don ciwon damuwa, kuma shi ne mafi ƙarancin yiwuwar ya juya yaro cikin 'yan kwanaki yadda aka nuna. Ko ma wanne ne, abin da ke zuwa bayan an yanke magani rikicewar jiki ce. Tsohon da ya saba da goro, ya wayi gari babu, ciwon kan da ke damunsa ba wahayi ba ne.

To me ya sa fim ɗin ya mai da shi wahayi? Saboda labarin binciken kisa ba ya tafiya sai da wanda yake kusa da gaskiya amma bai iya faɗinta ba. Duncan yana gidan ranar da aka kashe Lilly. Idan aka bar shi da cikakken hankalinsa, labarin kashi 22 zai ƙare a kashi na biyu. Dole a nemo abin da zai rufe masa baki, kuma kwalbar magani ta fi komai arha: kowa ya gan ta ya gane, ba ta buƙatar bayani. Da tafiya ta yi nisa sai aka ƙara masa wata irin farfaɗiya mai zuwa da fushi da mantuwa, domin a saka shi cikin waɗanda ake zargi. Ba Veronica Mars kaɗai ke wannan dabara ba. A wannan shekarar ta 2004 fim ɗin Garden State na Zach Braff ya gina labarinsa kacokan a kan saurayin da ya bar magungunan da mahaifinsa likita ya ɗora shi a kai, sai rayuwa ta dawo masa. Abin da ya sa na Duncan ya fi nauyi shi ne labarin ya gaskata gane-ganen. Abin da fatalwar Lilly ta nuna masa ya tabbata: mutumin da ya amsa laifin, Abel Koontz, ba shi ya yi kisan ba. Mai kallo ɗan shekara 16 ba zai fita da darasin sinadarai ba, zai fita da cewa a ranar da yaron ya bar ƙwaya ne ya hango gaskiya. Abin mamaki, ƙarshen zangon ya ƙaryata wannan da kansa. Abin da ya binne gaskiya shi ne kuɗin gidan Kane da tsoron iyayen da suka zaci ɗansu ne ya yi kisan, abin da ya tono ta kuwa shi ne naci da bin diddigin Veronica, har ta kai ga kaset ɗin bidiyon da suka fallasa Aaron Echolls, mahaifin saurayin Lilly. Maganin bai ɓoye hujja ko ɗaya ba.

Mai kare fim ɗin zai ce a 2004 zargin magungunan nan ba hauka ba ne, kuma yana da gaskiya. A 2001 an buga wani gwaji da ake kira Bincike na 329, wanda ya ce faroksetin na da amfani kuma ba shi da wata illa mai tayar da hankali ga matasa. Da wasu masana suka sake duba ainihin bayanan, suka buga sakamakon a mujallar BMJ a 2015, sai ga shi bai fi ƙwayar wofi ba, kuma illolinsa sun fi yadda aka faɗa. Kafin nan, a 2012, kamfanin da ke yin sa, GlaxoSmithKline, ya amince ya biya dala biliyan 3 a Amurka kan laifuffukan da suka haɗa da tallata maganin don yara ba da izini ba. A Disamba 2003 hukumar magunguna ta Birtaniya ta shawarci likitoci su daina ba 'yan ƙasa da 18 yawancin rukunin SSRI, in ban da fuloksetin. Nazarin Lancet na 2016 kan gwaje-gwaje 34 na yara da matasa ya ƙarfafa hakan: cikin magunguna 14, fuloksetin kaɗai ya nuna fifiko a fili. Lallai an ɓoye gaskiya, amma a ofisoshin kamfani aka ɓoye ta, ba a cikin kan majinyaci ba. Kuma hujjojin wancan lokaci ba gefe ɗaya suka nuna ba. A Agusta 2004, wata biyu kafin a nuna Duncan, an buga babban gwajin TADS kan matasa 439 masu shekara 12 zuwa 17. Bayan mako 12, kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa fuloksetin da jinyar tattaunawa sun sami sauƙi, kashi 61 na masu magani kaɗai, 43 na masu tattaunawa kaɗai, 35 na masu ƙwayar wofi. Shi kansa gargaɗin FDA ya dogara ne a kan gwaje-gwaje 24 da yara fiye da 4,400, inda tunani ko yunƙurin kashe kai ya bayyana ga kashi 4 cikin 100 na masu magani da kashi 2 na masu ƙwayar wofi, ba tare da ko ɗaya ya mutu ba. Abin da hukumar ta nema shi ne a sa ido sosai a makonnin farko da duk lokacin da aka ƙara ko aka rage magani. Yaron da ya yanke nasa a asirce ya jefa kansa cikin daidai lokacin da ake tsoro, kuma babu mai sa masa ido.

Wani kuma zai ce fim ne kawai, an ma sa likita ya yi gargaɗi, yaron kuma ya koma kan maganinsa. Amma fim ba da bakin 'yan wasa kaɗai yake magana ba, yana magana da fuska da haske da kiɗa. Gargaɗin likitan bai wuce 'yan daƙiƙu ba, komawar Duncan kuwa an ɗauke ta ne a matsayin miƙa wuya, yaro ya ga gaskiya ta yi masa nauyi ya zaɓi barci. Batun ko fim na taɓa rayuwar matasa kuma, masana'antar da kanta ta daina musu. Bayan kamfanin Netflix ya saki fim ɗin 13 Reasons Why a ƙarshen Maris 2017, wani bincike ya ga kashe kai tsakanin 'yan shekara 10 zuwa 17 a Amurka ya ƙaru da kusan kashi 29 cikin 100 a watan Afrilu. Masana sun yi jayayya kan ko fim ɗin ne sanadi, kuma jayayyar na da tushe, amma a Yuli 2019 kamfanin ya yanke fitowar da ta nuna mutuwar jarumar. Barin magani ba ya da ƙarar da za ta kai jarida irin wannan, a ɗaki yake faruwa, sakamakonsa kuma sai bayan watanni. Gwajin ANTLER na Ingila, da aka buga a 2021 kan manya 478 da suka daɗe suna sha har suka ji sun warke, ya ga ciwon ya dawo wa kashi 56 cikin 100 na waɗanda suka bari cikin shekara guda, da kashi 39 na waɗanda suka ci gaba. Alƙaluman na da fuska biyu, domin fiye da kashi 40 sun bari ciwon bai dawo musu ba. Sai dai su a hankali aka janye musu, ƙarƙashin kulawa.

Akwai tambayar da labarin Duncan ya taka amma ya wuce, kuma ita ce ta fi cancantar fim: shin yaron da aka kashe 'yar'uwarsa ciwon damuwa yake yi ko makoki? A lokacin, littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke bi ya ce kada a yi saurin kiran baƙin cikin watanni biyu na farko bayan rasuwa ciwo, sai in ya zo da alamomi masu tsanani, kuma cire wannan sharaɗi a 2013 ya jawo muhawara mai zafi. Uwar da ke miƙa ƙwaya a gidan da ba a zancen marigayiya ta cancanci suka, domin gwajin TADS ma ya nuna maganin ya fi amfani idan akwai wanda ake zama a yi magana da shi. Da marubutan sun tsaya a nan, da sun soki gidan Kane ba tare da sun shafa wa maganin baƙin fenti ba.

Fim ɗin ya haura shekara ashirin, amma yana nan a intanet tare da ire-irensa, matasa na kallonsu a waya a ko'ina, har da inda da ma ake yi wa duk mai shan maganin asibitin ƙwaƙwalwa kallon ɗan ƙwaya. Magungunan ciwon damuwa ba sa bugarwa, ba sa sa ƙishirwar ƙari irin ta tiramadol ko kodin, amma jiki na sabawa da su, don haka ba a yanke su dare ɗaya. Duk wanda ke shan su, ko yake da ɗa ko ƙanwa da ke sha, idan ya ga zuciya ta yi sanyin da bai gamsu da shi ba, ko yana ganin lokacin bari ya yi, ya koma wurin likitan da ya rubuta ya faɗa masa ƙarara, a tsara ragewar cikin makonni ko watanni. Idan kuma tunanin kashe kai ya bijiro, a farkon shan magani ne ko a wajen barinsa, a tafi asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.